Tulunan da ke bayan ganye: magana a kan ɗaɗɗoya, na'ana'a da tazargade

Duk wanda ya taɓa ratsa bayan gida da damina a Tsafe, ƙafar wandonsa ta gogi gindin ɗaɗɗoya, ya san ƙamshin nan take yake tashi. Ba a tsinki ganyen ba, ba a yaga shi ba, gugar tufa kawai ta isa. Gwada haka da ganyen zogale, ba za ka ji komai ba sai ka murtsuke shi. Citta kuwa sai an kankare ta ko an daka kafin ta yi magana. Wannan ɗan bambanci da muke wucewa ta kansa kullum shi nake so mu tsaya a kai yau, domin yana da nasaba da tambayar da aka fi yi mini ta tagar ɗakin magani: "Malam, tsakani da Allah, maganin gargajiya yana aiki kuwa?"

Na daina amsa wannan tambaya da i ko a'a, saboda ta yi faɗi da yawa. Tambayoyin da ke da amfani ga mara lafiya su ne: a ina maganin yake zaune a jikin tsiron, nawa ne a ciki, kuma nawa ya rage lokacin da ya iso kofi? A ra'ayina, mafi yawan asarar da muke yi da ganyaye masu ƙamshi, da kuma mafi yawan cutarwar da suke yi mana, daga rashin yin waɗannan tambayoyi suke fitowa. Masu raina ganye da masu ɗaukarsa maganin komai duk sun haɗu a wannan rashin tambayar.

Muna aji uku a tsangayar harhaɗa magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, na fara ganin bayan ganyen ɗaɗɗoya a ƙarƙashin madubin likita. Abin da ido ke gani sumul ashe gona ce guda. Ga wasu gasu dogaye masu gaɓa-gaɓa a tsaitsaye kamar karan dawa bayan girbi. Ga wasu gajeru masu ɗan kai kamar tsinken ashana. A tsakaninsu kuma, a cikin 'yan ramuka, ga wasu ƙulalai masu sheƙi, ruwan ɗorawa, a zazzaune kamar tulunan da aka jera a bakin rijiya. Waɗannan tuluna su ne ma'ajiyar ƙamshin. Girman kowanne bai wuce kaurin silin gashin kan mutum ba; sai ka jera goma ko sha biyar kafin su cika milimita ɗaya. A ganye guda na na'ana'a akwai dubbansu.

Gashin tsiro ba baƙo ba ne a wurinmu, sunansa ne kawai ba mu saba kira ba. Audugar da ta yi wa Gusau da Funtuwa suna, kowane silinta gashi ne da ya fito daga fatar gurya, ƙwayar halitta guda ɗaya tak da ta miƙe har ta kai santimita biyu ko uku. Ƙaiƙayin da mata ke ji a hannu idan sun shiga tsinkar kuɓewa aikin gashi ne. Karara kuwa, wadda duk yaron da ya yi kiwo ya san azabarta, gashin da ke jikin kwasfarta yana huda fata ya zuba wani sinadari mai tayar da jijiyoyin ƙaiƙayi. Danƙon da ke maƙale wa manomin taba a hannu, da warin da ganyen tumatir ke bari a yatsa, duk daga irin waɗannan gasu suke. Wasu gasu tsirara suke, aikinsu su tare iska da rana da ƙafar ƙwaro. Wasu kuma masana'antu ne, suna ƙera sinadari su adana. Da na biyun muke magana.

Ginin tulun ɗaɗɗoya abin mamaki ne duk da ƙanƙantarsa. Ƙwayar halitta ɗaya ce a dashe cikin fatar ganye a matsayin tushe. A kanta akwai wata gajeruwa a matsayin wuya. A kan wuyan sai kai, wanda ƙwayoyi ne a jere cikin da'ira kamar an yanka lemo a tsakiya: huɗu a ɗaɗɗoya, takwas ko fiye a na'ana'a. Waɗannan ƙwayoyi na kai ba sa haɗa abinci da hasken rana kamar sauran ganye. Sukari suke karɓa daga ƙasa, su juya shi ya zama mai, su turo shi waje ta samansu. Man ba ya zuba, domin dukan ganyen a lulluɓe yake da wani siririn tantani mai kama da kakin zuma. Yayin da man ke taruwa sai tantanin ya ɗago ya kumbura kamar bororon ƙuna. A na'ana'a, cikar tulu ɗaya ba ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu. Bangon wuyan kuma a toshe yake ta yadda man ba zai koma cikin ganyen ba, kuma akwai dalili: guba ne ga tsiron da ya yi shi. Ya ajiye shi a waje kamar yadda mai hankali ke ajiye jarkar fetur nesa da ɗakin kwana.

Wannan ya isa ya gaya mana manufar abin. Tsiro bai ƙera man nan don ciwon cikinmu ba. Makami ne. Fara ko tsutsa ta taka ganye, tulu ya fashe a ƙafarta ko a bakinta, ta ji yaji ta janye. Akuya ta sunsuna ta wuce. Shi ya sa za ka ga dabbobi sun cinye ciyawar fadama sun bar waɗannan a tsaye. Kakanninmu sun lura da haka tun kafin a ƙera madubi, sunayen da suka raɗa ma shaida ne: bunsurun fadama saboda warinsa, sarakuwar sauro saboda yadda sauro ke kauce mata. Dukansu dangin ɗaɗɗoya da na'ana'a ne. Kuma tunda ƙaramin ganye ne ya fi buƙatar tsaro, tun yana toho ake dasa masa mafi yawan tulunansa. Idan ya girma ya buɗe, sai tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru. Tsohon ganyen da ke gindin tsiro, wanda ruwan sama da iska da ƙura suka daɗe suna duka, ya riga ya yi asarar da yawa daga cikin nasa, kuma galibi tulun da ya fashe ba ya sake cika.

To, mai karatu, ka riƙe wannan hoto a zuciya, mu duba yadda muke sarrafa ganyen.

Ana yanko shi da tsakar rana, a cusa a buhu a danne da gwiwa. A nan kashin farko ya tafi. A shanya shi a rana, wani lokaci a gefen kwalta, kusa da barkono, irin shanyar da matafiyi ke gani a hanyar Tsafe zuwa Gusau. Masana sarrafa ganyen ƙamshi ba sa so zafin busarwa ya wuce digiri 40 sosai, alhali a watan Maris da Afrilu iskar yankinmu kaɗai takan kai hakan, balle kwaltar da rana ta kwana biyu tana gasawa. Man nan mai tashi ne, da ya ji zafi sai ya bi iska. Sannan a zuba a turmi a daka, wato a farfasa duk tulun da ya tsira. A kai kasuwa a buɗaɗɗen faifai ko a ɗaure a farar leda, ya yi watanni. A ƙarshe uwar gida ta saya ta zuba a tukunya, ba murfi, ta bar shi yana tafasa har ruwan ya koma rabi, domin a tunaninmu daɗewar tafasa ita ce ƙarfin magani. Ƙamshi ya cika gida, maƙwabta su ce lallai maganin nan mai kyau ne. Wannan ƙamshin da ya cika gida shi ne maganin, yana fita ta taga. Masana'antun da ke tatsar man na'ana'a da tururi suke tatsarsa, su tare tururin su sanyaya shi. Tukunyarmu aikin nan take yi daidai, sai dai ba ta tare komai.

Abin da ke ba ni dariya shi ne a ɗakin girki mun san gaskiyar. Mahaifiyata ba ta taɓa jefa ɗaɗɗoya a farfesu ba sai dab da sauƙewa, ta rufe. Buzun da ke dafa shayi a bakin tasha sai ya gama tafasa ganyen shayinsa sannan ya cusa ɗanyar na'ana'a ya rufe butar. Da an ce magani ake dafawa sai wannan ilimi ya ɓace. Ina jin mun ɗauki ƙa'idar saiwa da sassaƙe muka ɗora wa ganye. Saiwa da ɓawon itace suna riƙe sinadarinsu a can cikin nama mai tauri, dole a tafasa su. Citta da kanumfari da ɓawon lemo ma mansu a ciki yake, shi ya sa suke jure ajiya matuƙar ba a daka su ba. Ganyen da ƙamshinsa ke tashi da shafa kawai, nasa a waje yake, kuma hanyarsa daban ce: a tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, a adana shi bai dakuwa ba a cikin kwalba mai murfi, sai za a yi amfani da shi a murje. A tafasa ruwa a sauke, a zuba ganyen, a rufe kamar minti goma, a mayar da ɗigon da ya taru a murfin cikin kofin. Wajen saye kuma, murza kaɗan a yatsa; idan warin harawa kawai ka ji, bar wa mai shi kayansa.

Idan an yi haka, me za a samu? Abu mai amfani amma mai iyaka. Ruwan ɗaɗɗoya ko na na'ana'a yana sassauta kumburin ciki da murɗawar hanji mara tsanani, yana gyara baki, yana sa mai mura ya ji daɗi. Man na'ana'a da aka zuba a kafso mai jure ruwan ciki an gwada shi a kan masu yawan murɗawar hanji da kumburi, kuma ya nuna amfani, ko da yake yana ƙara wa mai ƙwannafi ƙwannafinsa. Amma da yawa daga cikin abin da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp, cewa bincike ya nuna ɗaɗɗoya tana kashe ƙwayar taifot ko ta kwalara, a faranti aka yi binciken, inda aka ɗiga tataccen mai kai tsaye a kan ƙwayar cuta. Hanjin yaro ba faranti ba ne. Mu da muka ga abin da amai da gudawa ya yi a Zamfara a 2021 bai kamata a ruɗe mu da wannan ba. Yaron da ke zawo ruwan gishiri da sukari yake buƙata, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kuma a garzaya da shi asibiti idan ya kasa sha.

Akwai wata matsalar da ko busarwa mai kyau ba ta gyarawa. Babbar ɗaɗɗoya, wadda masana ke kira Ocimum gratissimum, Yarabawa su ce efinrin, tsiro biyu nata za su iya yin kama ɗaya a ido alhali abin da ke cikin tulunansu daban ne. Wata tana cike da yujinol, sinadarin da ke ba kanumfari ƙamshinsa da ikon kashe zafin haƙori. Wata kuma taimol ne ya rinjaya a cikinta, wanda ake sawa a wasu ruwan kurkure baki. Iri, ƙasa, ruwa, shekarun tsiro da lokacin yanka duk suna sauya adadin. Don haka "damƙa ɗaya a lita ɗaya" ba awo ba ne, kintace ne. Ga shayin gyara ciki kintace ba ya kisa. Ga cutar da ke iya kashe yaro cikin kwana biyu, maganar ta sauya.

Wannan ya kawo ni ga tazargade, kuma saboda ita na zauna rubuta wannan.

A damanar da ta wuce, wata tsohuwa daga wani ƙauye da ke ɓangaren Ɗanjibga ta iso asibitin da nake aiki da jikanta ɗan shekara uku a goye. Yana suma yana farfaɗowa, tafin hannunsa fari fat. Kwana huɗu yana zazzaɓi. Ba sakaci ya hana su fitowa ba. Hanya ce ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, sai ranar da aka samu rakiya. A kwanakin nan huɗu abin da ke hannunta ta ba shi. Bayan an ɗaura masa jini, ta zo tagata karɓar sauran allurai, ta kwance bakin zanenta ta nuno mini wani ƙullin busasshen ganye mai toka-toka da ƙamshi mai ƙarfi.

"Ɗana, mi na yi ba daidai ba? Tazargade ce. An ce da ita Turawa ke yin maganin masassara. Rana ta biyu har ya tashi ya sha hura."

Na ce, "Inna, ba ki yi laifi ba. Abin da aka gaya miki rabin magana ne."

Rabin da ke gaskiya shi ne wannan. Allurar atesunet da na miƙa mata a wannan rana, asalinta daga tulunan gashin ganye take. Akwai wani tsiro ɗan asalin ƙasar Sin, Artemisia annua, wanda gashinsa mai tulu ke da ƙwayoyin halitta goma a jere layi biyu, biyar-biyar, da bororon mai a samansu. A cikin wannan bororo ake samun atemisinin, uban manyan magungunan zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa yau. A 1994 wasu masana a Amurka sun nuna cewa tsoma ganyen na daƙiƙa biyar kacal a cikin wani sinadari mai narkar da mai yana kwashe kusan dukan atemisinin ɗin, ba tare da an huda ganyen ba, kuma irin tsiron da ya fito babu waɗannan tuluna ba shi da maganin sam. Ita ma Tu Youyou, masaniyar ƙasar Sin da ta gano shi, ta daɗe tana tafasa ganyen tana samun sakamako mara tabbas, sai da ta lura cewa wani tsohon littafin likitanci na Ge Hong, na ƙarni na huɗu, jiƙawa da matsewa ya ambata, bai ambaci dafawa ba. A 1971 ta koma tatsa da sinadarin ita a ƙaramin zafi, a 1972 aka samu tsantsar maganin, a 2015 ta karɓi kyautar Nobel. Duk abokin aikina da ke taɓe baki idan an ambaci ganye, ya tuna abin da ke cikin kwalbar da yake miƙawa kullum.

Ga rabin da ba a gaya wa tsohuwar ba. Na farko, tazargade suna ne da ake kiran ganyaye fiye da ɗaya 'yan gida ɗaya, kuma ba kowannensu ke ɗauke da atemisinin ba. Wasu babu, wasu ɗan burbushi. Na biyu, a nan gwajin hanci da na bayar ɗazu ba ya aiki. Ƙamshin tazargade daga kafur ne da wasu mayuka masu tashi da ke zaune a tulu ɗaya da maganin. Shi atemisinin ba shi da ƙamshi, kuma ba ya narkewa sosai a ruwa. Ƙulli zai iya cika ɗaki da ƙamshi alhali babu ƙwayar maganin zazzaɓi a cikinsa. Na uku, lissafi. A ce an yi sa'a ganyen na ainihi ne, kuma mai kyau, mai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa. Giram biyar na busasshen ganye, wato kimanin damƙa, miligiram 50 ke nan, idan duka ya fito cikin ruwan, kuma ba ya fitowa duka. A zamanin da ake ba da atemisinin shi kaɗai, babban mutum kusan miligiram 500 yake sha a rana, na kwanaki biyar zuwa bakwai. Ganyen da ya fito a daji kuwa sau da yawa bai kai ko kusa da wannan kashi ɗayan ba.

Na huɗu shi ne mafi haɗari, kuma shi ya bayyana furar da yaron ya sha a rana ta biyu. Atemisinin yana da saurin duka da saurin fita. Cikin 'yan sa'o'i jiki ya kawar da shi. Ɗan kaɗan ɗinsa zai iya rage ƙwayoyin cutar har zazzaɓi ya sauka, iyaye su saki jiki, ragowar kuma su ci gaba da fasa jini a ɓoye. An gwada shayin wannan ganye a gabashin Kongo, aka buga sakamakon a 2004: alamomin ciwo sun lafa da sauri, amma cutar ta dawo wa da yawa daga cikin waɗanda suka sha. Dalilin ke nan da ya sa ƙwayar da muke bayarwa take da abokin tafiya. A Coartem da ire-irenta, ƙaramar ƙwayar tana ɗauke da miligiram 20 na atemita da 120 na lumefantirin. Na farko ya yi dukan farko, na biyu ya zauna kwanaki a jini yana share ragowa. Ganye ba shi da wannan abokin tafiya. Kuma duk lokacin da ƙwayar cuta ta gamu da maganin da bai isa ya kashe ta ba, horo aka ba ta. Mun ga yadda kulorakwin ya mutu a hannunmu har Najeriya ta sauya shi a 2005. Yanzu an tabbatar da ƙwayoyin da suka fara yi wa atemisinin taurin kai a Ruwanda, Yuganda da Eritiriya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce ba ta goyon bayan amfani da shayi ko garin wannan ganye don magani ko rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ina tare da ita a nan, ba tare da wani amma ba.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini a fuska: kana zaune a gari kana hana mutane ganye, wanda hanya ta rufe masa me zai sha? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba ni da bakin zargin tsohuwar nan. Amma amsarta ita ce maganin ya riga rufewar hanya isa ƙauye. Kafin ruwa ya sauka, kowane ɗakin shan magani da kowane ma'aikacin lafiya na unguwa a Keta, 'Yankuzo, Bilbis da Ɗanjibga ya kamata ya kasance da abin gwajin jini na yatsa, da cikakkun ƙwayoyin kwana uku, da atesunet na matsi ta dubura mai miligiram 100, wanda ake sa wa yaro ƙasa da shekara shida da ya kasa haɗiya don ya riƙe shi har a kai asibiti. Maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, a tabbata an ba da na rana ta biyu da ta uku bayan ma'aikatan sun tafi, domin a nan ake yawan yin sake. Waɗannan ba su kai tsadar leda ɗaya ta jini ba.

Kuskuren yana da wani gefe, wato inda maganin ya yi yawa. Yanzu shagunan magungunan gargajiya a Gusau cike suke da 'yan kwalabe: man na'ana'a, man kanumfari, man wannan da na wancan. Idan na gaskiya ne, to abin da tsiro ya rarraba a miliyoyin tuluna ne aka tara a wuri ɗaya. Man da ke busasshen ganyen na'ana'a bai cika wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba, ka ga cokalin shayi ɗaya na man daidai yake da ganye kusan rubu'in kilo. Babu mai cinye wannan a zama ɗaya, amma ana ɗura wa yaro cokali a ce ai na itace ne, ba ya illa. Likitoci sun rubuta labarin ƙananan yara da hantarsu ta lalace bayan sun haɗiye cokali ɗaya ko biyu na man kanumfari. Mentol, wanda ke ba na'ana'a sanyinta kuma yake cikin man shafawa irin su Robb, jijiyar jin sanyi kawai yake taɓawa, mutum ya ji kamar hanci ya buɗe alhali ƙofar iskar ba ta ƙaru ba. A hancin jariri kuwa yana iya tsayar da numfashi. Tun 1980 Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, shi da abokin aikinsa suka buga binciken da ya nuna cewa jariran Legas masu wani rauni na gado a jajayen ƙwayoyin jini sun fi kamuwa da shawara mai tsanani idan an sa musu hoda mai mentol a cibiya. Wannan rauni yana da yawa a cikin 'ya'yanmu maza. Har yau ina ganin cibiyar jarirai tana ƙamshin mentol. Mai ciki ma ta nisanci shan tataccen mai kowane iri ne. Ganye a miya daban, kwalba daban. Lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L da ake nuna maka a jikin kwalba, shaida ce cewa an duba amincin abin, ba shaida ba ce cewa yana warkar da jerin cututtukan da aka rubuta a takardar.

Akwai aikin da za mu iya yi a nan gida, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Siffar gashi ba ta ɓacewa ko an daka ganye. Da ita muke gane garin filasko daga na wani abu, mu gane an yi algus ko ba a yi ba. Tsafe tana da Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta jiha, wadda ke yaye matasan da za su zauna a ɗakunan shan magani na ƙauyukan nan. Zan so kowane ɗalibi a can ya ga tulun ɗaɗɗoya da idonsa kafin ya fita, ko da ƙaramin madubin hannu mai ninka girma sau goma ne, wanda ke nuna su kamar ɗigon zinariya a bayan ganye. Zan so kuma a gayyato masu sayar da ganye na kasuwar Tsafe da ta Bunguɗu su leƙa su gani. Wanda ya ga abin da turmi ke fasawa ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan shanya a inuwa ba, kuma zai fi saurin yarda idan aka ce masa ga ciwon da ganyensa bai isa ba.

Yaron ya tashi. An sallame su bayan kwana biyar, da ƙwayoyin kwana uku da zai ƙarasa a gida. Tsohuwar ta bar mini ƙullinta, ta ce ba ta da sauran amfani da shi. Da yamma na roƙi abokina na ɗakin gwaje-gwaje ya ara mini madubi, na jiƙa ɗan ɓarɓashi na ɗora. Ga gasu masu kai biyu kamar sandar da aka gicciya wa wata a bisa, irin na dangin tazargade, ga kuma tuluna masu layi biyu, rabinsu a fashe. Dangin dai shi ne. Ko wane ne daga cikin 'yan gidan, da miligiram nawa ke cikin abin da yaron ya sha kwana huɗu, wannan sai na'urar da ke Zariya ko Abuja.